Rubutun Ƙofar Kicin

Shafi na 11

Masu tambaya ina na shige, ga ni. Ba kullum hannuna yake yarda ya rubuta labarin nan ba. Yadda na tuna shi, haka nake kawo muku.

*

Ranar da labarin rasuwar Tongai ya iso garin Mutare, matarsa Shamiso tana tsaye gaban ƙofar kicin da alli a hannu.

Ƙofar baƙin fenti gare ta, ita ce allonta. Kullum da safe ƙanin mijinta Garikai, wanda ake kira Baban Tino, yakan biyo ta gidan kafin ya wuce sakandaren da yake koyar da Turanci. Sai ya rubuta mata jimla ɗaya da kuskure ɓoye a ciki, irin wadda ake kawowa a jarrabawar masu neman aiki a Ingila. Ita kuma ta nemo kuskuren, ta sake rubuta jimlar daidai a ƙasa. Da yamma ya dawo ya duba. In ta dace ya ba ta maki. In ta ɓata ya ja mata gicciye, ya rubuta tasa a layi na uku, ta haddace.

A ranar kuwa, da hantsi ya dawo. Ba jaka a hannunsa. Ya tsaya bakin famfo ya cire hula.

"Maman Chenai, ajiye allin nan."

Ba ta ajiye ba. Sai da matan coci suka cika tsakar gida sannan wata ta buɗe mata hannu, ta tarar allin ya zama gari.

Zuciya ce ta kayar da Tongai a wurin aiki can Ingila. Gawarsa ta dawo gida, amma 'yarsu Chenai ba ta dawo ba. Shi ya tafi da ita zuwansa hutu na ƙarshe, a kan Shamiso za ta ci jarrabawa ta samu aikin kula da tsofaffi ta bi su. Bayan jana'iza dangi suka zauna, suka ce an biya shanun aure, yarinya tasu ce, ta ci gaba da zama wurin yayar babanta, Goggo Sekai. Masu kula da sha'anin yara na can suka ce in uwa ba ta iso da takardunta kafin ƙarshen Agusta ba, riƙon zai zama na Goggo dindindin.

Sau uku Shamiso tana zuwa Harare jarrabawar nan. Magana ta ci, saurare ta ci. Rubutu ne yake kayar da ita. Asabar mai zuwa ce ta huɗu, kuma babu wata bayanta kafin Agusta ya ƙare.

*

Lahadi ce kaɗai Goggo take barin Chenai ta yi waya.

Kullum a ɗaki Shamiso take ɗauka. Yau kiran ya same ta tana tuƙa sadza, tuwon masara, don an dawo coci a makare, ga surukarta tana jiran abinci. Tsohuwar ɓarin jikinta ya shanye tun kafin Tongai ya tafi. Tun ranar da aka binne shi kuma ba wanda ya ƙara jin kalma ɗaya daga bakinta. Shamiso ce wankanta, ita ce cinta, ita ce juya ta.

Wuta babu, a tsakar gida ta hura itace. Ta jingine wayar jikin bokiti ta ci gaba da tuƙi.

"Kin ci abinci?"

"Na ci."

"Me kika ci?"

Chenai ta faɗi sunan wani abu da Turanci. Shekararta takwas, harshen gida ya fara yi mata nauyi a baki. Sai ta fara magana ta tsaya tana laluben kalma, kamar mai neman takalmi a duhu.

"Mama, matsa kaɗan."

"In matsa ina? Tuwo zai kama."

"Matsa dai. Ina so in karanta abin da ke bayanki."

Shamiso ta ɗan karkace. Yarinyar ta manna fuska jikin waya, leɓenta yana motsi. Sai ta kwashe da dariya, giɓin haƙoranta a waje.

"Wa ya rubuta na ƙasan?"

"Baffanki."

"Baffa malami?"

"Kina da wani Baffan ne?"

"Mama, ba a faɗa haka! In na rubuta wannan a aji, Malama za ta zagaye shi da jan biro."

"Na tsakiya kike nufi. Nawa ne, na san na ɓata. Ba ki ga gicciyen ba?"

"A'a, na tsakiyan daidai ne. Na ƙasan ne kamar maganar jariri."

"Ke, rufe min baki. Yaushe aka haife ki da za ki gyara wa mai digiri Turanci?"

"Na rantse, Mama. Bari ki ga. Goggo! Goggo, zo ki karanta!"

Fuskar Goggo Sekai ta bayyana, da tabarau a goshi. Ta daɗe tana aikin jinya a can, Turanci a bakinta kamar ruwa. Shamiso ta saki muciya ta durƙusa ta tafa hannuwa yadda ake gaida manya a al'adarsu, duk da ta waya ce.

"Barka da rana, Goggo."

"Yauwa. Mene ne kuma?"

"Yarinyar nan ce take shirme. Don Allah ki duba min ƙofar nan, wanne ne daidai?"

Goggo ta sauko da tabarau. Ta karanta. Shamiso tana kallon idonta yana sauka daga layi zuwa layi. Da ya kai na uku sai ya tsaya, bai koma sama ba, bai kuma dawo kan Shamiso ba.

"Lokaci ya yi. Chenai za ta yi wanka."

"Goggo, kalma ɗaya kawai. Na tsakiya ko na ƙasa?"

"Ki tambayi Garikai."

Wayar ta yi baƙi.

Ƙauri ya tashi daga tukunya. Shamiso tana jinsa, amma ba ta motsa ba.

Wani abu ne ya faɗo mata. Zuwanta na farko Harare, kafin a fara darasin ƙofa, da ɗan Turancin da ta tsinta a rediyo da coci da aji biyu na sakandaren da ta yi, kaɗan ya rage ta haye. Matar da ta miƙa mata sakamako har cewa ta yi, "Ai kin kusa, ki dawo." Daga nan Tongai ya ce Garikai ya ɗauke ta darasi. Zuwa na biyu makinta ya sauka. Na uku ya ƙara sauka.

Ta ɗauka kanta ne ya toshe. Ta sha zama bayan gida tana dukan goshinta tana cewa jaka, jaka.

*

La'asar sakaliya Garikai ya shigo, da kwat ɗinsa na coci da ledar lemo.

"Matarmu! Ɗalibata guda ɗaya tilo! Ina kike?"

Ta fito ta durƙusa ta tafa masa hannu. Ta kawo ruwa ta zuba masa ya wanke hannu, ta ajiye masa sadza da ganye. Ya yanko loma, ya sansana, ya ɗaga gira.

"Yau tuwon ma ya faɗi jarrabawa ne?"

Da can da ta rama. Da ta ce matarsa ko ruwan zafi ta dafa sai ya ƙone. Yau ba ta yi dariya ba.

"Baban Tino, karanta min layin ƙasa."

"Ki bari in ci abinci mana. Ko bawa ana barinsa ya haɗiye."

"Karanta min shi da ƙarfi. Da muryar da kake yi wa 'yan ajinka."

Ya juya ya kalli ƙofar. Ya juyo ya kalli kwano.

"Ai kin haddace shi tun jiya."

"Na haddace. Duk abin da ka rubuta na haddace. So nake in ji shi a bakinka."

"Me ya faru ne?"

"Chenai ta gani."

Ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba.

"Haba, Maman Chenai. Yarinya ƙarama? Turancin titi suke ji a can. Na jarrabawa daban ne."

"Goggo ma ta gani."

Lomar da ke hannunsa ta koma cikin kwano.

"Me ta ce?"

"Ta ce in tambaye ka. Ga shi ina tambayarka."

Ya miƙe ya ɗauki tsumman da ke rataye a igiya.

"Wataƙila sauri na yi. Mutum yana kuskure. Bari in goge in sake miki wani."

Kafin ya isa ta riga shi. Ta tsaya ta rufe ƙofar da bayanta, ta baza hannuwa. Tunda aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa tsayawa a gaban namijin gidan haka ba.

"Ba za ka goge ba."

"Ki matsa."

"Ka rantse da kabarin Tongai kuskure ka yi."

"Kada ki sa yayana cikin wannan."

"Ka rantse, in matsa, in ba ka haƙuri a durƙushe."

A maƙwabta wani yaro yana buga ƙwallo jikin katanga. Garikai ya tsaya da tsumma a hannu, babban mutum da kwat, ya kasa kallon matar da ko aji uku ba ta kai ba.

Ya koma ya zauna a kan benci.

"Ba duka ba ne," ya ce a hankali.

"Me?"

"Ba duka nake ɓatawa ba. Yawanci gaskiya nake koya miki. Jefi-jefi ne. Yau daidai, gobe daidai, jibi in karkatar."

Shamiso ta jingina da ƙofar, alli yana shafar baƙar rigar takabarta.

"Wanne da wanne?"

"Maman Chenai..."

"Ka faɗa min waɗanda ka karkatar in cire su daga kaina. Asabar ce jarrabawa. Ka zauna yanzu ka lissafa min."

"Ban riƙe ba."

"Ba ka riƙe ba?"

"Kullum gogewa muke yi. Fiye da shekara. Ta ina zan tuna?"

Ta dafe kai da hannu biyu. Duk suna ciki. Ta haddace su tana wanki, ta haddace su tana layin ruwa, tana maimaita su tana goge wa tsohuwa baya. Masu kyau da ruɓaɓɓu sun gauraye wuri ɗaya kamar gero da tsakuwa, kuma wanda ya zuba tsakuwar ya ce shi ma ba zai gane ta ba.

"Na sayar da keken ɗinkina," ta ce. "Kana tsaye aka ɗauke shi. Kai ka taya su ɗorawa a mota."

"Na sani."

"Ranar da na dawo karo na uku ina kuka, kai ka ce in yi haƙuri, wasu kawunan a hankali suke ɗauka. Ka tuna?"

"Na tuna."

"Me na yi maka? Na taɓa hana ka abinci? Na taɓa zagin matarka? Da kana makaranta wa yake wanke maka kaya?"

"Ba ki yi min komai ba."

"To don me?"

Ya murza hularsa a gwiwa, ya murza, har ta lanƙwashe.

"Ba ni na fara ba. Sa ni aka yi."

"Wa?"

"Kin ce in rantse da kabarinsa. Shi ya sa na kasa."

Da farko ba ta gane ba. Da ta gane sai ta girgiza kai da ƙarfi.

"Ƙarya kake. Don ya mutu ba zai iya musawa ba."

"Da kika kusa ci karon farko, ya kira ni a daren yana rawar murya. Ya ce, Garikai, matar nan za ta haye, ka riƙe min ita ko shekara guda ce."

"Tongai da yake ce min ya ga labulen da zan so? Tongai da yake ce min in yi sauri, sanyi yana kashe shi shi kaɗai?"

"Babu labule. Babu ɗakin ma."

"Kamar yaya babu ɗaki?"

"Gado ɗaya suke haya su biyu, shi da wani mutumin garin Masvingo. Wannan ya kwana da dare, wannan ya kwana da rana. Chenai tun ranar da suka sauka a wurin Yaya Sekai take. Hoton falon da yake turo miki, falon Yaya ne."

"Ya ce min a ɗakin magani na asibiti yake aiki."

"Tsofaffi yake wankewa. Daga wannan gida zuwa wancan, a ƙafa, cikin ƙanƙara. Ya ce gara ya mutu da ki zo ki gan shi yana kwashe kashin tsohon da bai sani ba."

Dariya ta ƙwace mata, wata iri mai ɗaci, har ita kanta ta tsorata da ita.

"Aikin da nake yi wa uwarsa a nan safe da yamma, shi yake jin kunyar in gani?"

"Namiji ne."

"Ni kuma itace ce."

"Ya ce in ya samu ɗaki zai gaya min in sake ki. Ya ce kuma kafin nan a samu mai kula da Mama. Kin san Maman Tino ba za ta iya ba, ga bayanta, ga yara."

"In sake ni," ta maimaita. "Kamar akuya."

Hawaye ya zo mata, ta haɗiye shi. Ta yi wa Tongai kuka har muryarta ta dishe, ta kwana a ƙasa kusa da akwatinsa, ta sa baƙi tun daga ɗankwali har takalmi. Yanzu ba ta san wa ta yi wa kukan ba. So take ta ji haushinsa, sai ta hango shi cikin ƙanƙara da siririyar rigarsa, mutumin da ko sanyin hunturun nan na watan Yuni ba ya iya jurewa. Haushin ya ƙi tsayawa, tausayin ma ya ƙi tsayawa.

Garikai ya miƙe a hankali, kamar wanda ya sauke kaya.

"Yanzu kin ji. Ki yafe masa, ki yafe min. Daga gobe zan zo safe da yamma, mu fara daga farko, in koya miki na gaskiya."

"In yarda da allinka kuma?"

"Na yi miki alkawari."

Ya ɗauki hularsa ya nufi ƙofar gida. Har ya kama marfin.

"Baban Tino."

Ya tsaya.

"Tongai a watan Maris ya rasu."

Bai juyo ba.

"Wannan rubutun na jiya ne. Jiya da yamma ka ja min gicciyen nan, kana sane da zancen Agusta, kana sane 'yata ce a kai. Wanda ya sa ka yana ƙasa. Wa ya sa ka ci gaba?"

"Ki bar maganar nan haka."

"Goggo ce? Don ta riƙe min 'ya?"

"Yaya Sekai ta sani, amma ba ita ba ce."

"To kai ne. Kai da matarka, don kada wankin tsohuwa ya dawo kanku."

"Na ce ki bari!"

"Ba zan bari ba! Ka faɗa min ko in fita titi in tara maka unguwa, in kai ƙofar nan har makarantarku a ka, shugabanku ya karanta!"

"Ni ce."

Ba Garikai ne ya faɗa ba.

Daga ɗakin tsohuwa muryar ta fito, ta tagar da Shamiso take buɗewa don iska. Murya ce mai kauri, tana jan harshe gefe ɗaya, amma kowace kalma ta fita sarai.

"Ki bar yaron nan. Ni na ce masa."

Shamiso ba ta san lokacin da ta isa bakin ɗakin ba. Tsohuwar tana kwance yadda ta bar ta, fuska ga bango, bargo har wuya. Wata huɗu tana ba ta kunu da cokali, tana yi mata hira ita kaɗai, tana gaya mata tsoronta duka, har da ranar jarrabawa da kuɗin mota, a zatonta da bango take magana.

"Mama... kina magana?"

"Da wanda na ga dama."

Garikai yana bayanta, kansa a ƙasa.

"Sekai ta tafi," in ji tsohuwar. "Tongai ya tafi, a akwati aka dawo min da shi. An ɗauke min jika. Ke ma so kike ki tafi ki wanke uwayen wasu, a kai ni gidan tsofaffi in mutu a hannun baƙi."

"Mama, 'yata ce. Za su riƙe ta har abada."

"Chenai tana da mai riƙonta. Tana ci, tana karatu. Ni ke kaɗai gare ni."

"Ko sunan abinci da harshenmu ta fara mantawa."

"Na ji ta ɗazu. Tana dariya. Yaron da yake dariya ba ya cikin wahala."

Tsohuwar ta ci gaba, fuskarta har yanzu ga bango.

"Ki je Harare ranar Asabar in kina so, ban ɗaure miki ƙafa ba. Amma daga ranar da kika hau motar nan, ba zan ƙara buɗe bakina wa cokalin kowa ba. Kin san ni, na iya rufe baki."

Ta yi tari, ta numfasa.

"Yanzu zo ki juya ni. Gefen nan ya mutu tun ɗazu."

Shamiso tana tsaye a bakin ƙofa, ba ta shiga ba, ba ta fita ba. Zuciyarta tana ce mata ta juya ta bar gidan ko da ba takalmi.

Sai ta ji wani ɗan sauti a kusa da ita. Ta duba ƙasa.

Hannuwanta ne. Sun riga sun fara murza juna, yadda take ɗumama su kullum kafin ta taɓa jikin tsohuwar.